Gidan Da Ake Jinyar Yaro Mai Ciwon Daji

Muna farawa da sunan Allah, wanda lafiya da cuta suke a hannunsa, muna kuma yin salati da sallama ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako zan ɗan jingine bayanin da muke yi a kan hukunce-hukuncen ciniki, domin in yi magana a kan wani baƙo da ya sauka a gidanmu, yau wata 19 ke nan bai tashi ba. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan magana, saboda kunya irin tamu wadda ba ta son mutum ya fito da zancen cikin gidansa a jarida. Amma da na ga yawan iyayen da ke tare ni a ƙofar masallaci da tambayoyi iri ɗaya, sai na ji tsoron kada shiruna ya zama rowar ilmi. Na nemi iznin ƙanena, ya yarda, bisa sharaɗin ba za a ambaci sunan kowa ba.

Ƙanen nan nawa ma'aikacin gwamnati ne, yana da mata biyu da 'ya'ya bakwai. Ɗansa na huɗu, wanda a lokacin yake da shekara 6, ya fara da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Aka yi maganin cizon sauro har sau uku. Yaro ya ɗashe, tafin hannunsa ya yi fari fat, da dare yana kukan ciwon ƙafa, dasashinsa yana tsatsafar da jini, ga tabo nan da can a jikinsa kamar an mintsine shi. Mahaifiyarmu ta ce shawara ce. Maƙwabta suka shiga raɗa cewa jifa ne. Ni kuwa da ake kawo wa irin wannan matsala, na yi tofi, na yi rubutu, na ce a ƙara haƙuri. Mako shida muka ɓata a haka, kuma da hannuna a cikin wannan jinkiri, ina roƙon Allah ya yafe mini. Da aka kai shi babban asibitin koyarwa, tafiyar awa uku daga garinmu, aka ɗebi jini, aka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, sai likita ya kira mu ofishinsa ya ce mana sankarar jini ce.

Cutar da maganinta

Ciwon daji, ko sankara, tsohuwar cuta ce. Larabawa suna kiranta saraɗan, watau ƙaguwa, kuma likitocin Musulmi na farko, irin su Ibn Sina da Zahrawi na Andalus, sun yi bayaninta, sun nuna cewa damar maganinta tana cikin kama ta da wuri. Asalinta shi ne wasu ƙwayoyin halitta na jiki su ƙi tsayawa inda aka tsayar da su, su yi ta hayayyafa ba ƙa'ida, har su danne masu lafiya. A yara tana zuwa iri-iri. Akwai ta jini, wadda ke farawa daga ɓargo. Akwai wadda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, wadda wani likita mai suna Denis Burkitt ya yi bayaninta a ƙasar Uganda a 1958, ta kuma fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida, irin tamu. Akwai ta ƙoda, akwai kuma ta ido, wadda alamarta ita ce wani fari da ke ƙyalli a tsakiyar ƙwayar idon jariri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da ita kowace shekara. A ƙasashe masu wadata fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, alhali kuwa a yawancin ƙasashe matalauta waɗanda ke warkewa ba su kai 30 cikin 100 ba. Cutar ɗaya ce, maganin ma ɗaya ne. Abin da ya raba mu da su shi ne jinkirin ganewa, da tsadar magani, da yanke shi a tsakiyar hanya. To, biyu daga cikin ukun nan a cikin gida ake yanke shawararsu, shi ya sa na ga maganar ta shafi wannan fili.

Maganin da ake yi mata likitoci suna kiransa kemoterafi, masu jinya kuwa sun taƙaita suna cewa kemo. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa, ko allura, ko ƙwaya, wani lokaci har ta gadon baya. An fara ganin tasirinsa a sankarar jinin yara a birnin Boston na Amurka a 1948. A nahiyarmu ma an yi aiki a kansa, domin kuwa wani likita ɗan Kamaru, Anomah Ngu, wanda ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda aka karrama a 1972 saboda maganin kumburin muƙamuƙin nan. Masu ƙyamar maganin asibiti kuma su sani cewa ɗaya daga cikin manyan magungunan nan daga wani tsiro mai fure aka samo shi, wanda asalinsa tsibirin Madagaska ne.

Aikin maganin shi ne kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Da yake saiwar gashi, da fatar cikin baki da hanji, da ɓargo, su ma masu saurin hayayyafa ne, sai abin ya shafe su. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, amai ya zo, jini ya ragu. Waɗannan illolin maganin ne da aka sani, kuma suna wucewa. Wanda bai san haka ba, da ya ga yaro ya rame ya yi sanƙo, sai ya ce asibiti ta ƙara masa cuta.

Neman magani da tawakkali

Ranar da za a fara, mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta ta ce, "Malam, tun muna yara muke ji ana cewa daji ba ya son allura. Ku dawo mini da jikana gida a nema masa na gargajiya." Na durƙusa na ce, "Hajiya, wannan magana na neme ta a littattafai ban same ta ba, na tambayi masana cutar sun ce ba ta da tushe. Ki sa mana albarka kawai." Ta yi shiru, sa'an nan ta yi addu'a. Wannan camfi na cewa daji ba ya son ƙarfe ya kai yara da yawa kabari, ya kamata malamai su yaƙe shi a kan mumbari.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci bayin Allah da su nemi magani, ya kuma sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Shi ne kuma ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Babba mai hankali yana da ta cewa a kan jikinsa. Yaro kuwa amana ne a hannun waliyyinsa, ba shi da bakin da zai zaɓa wa kansa. Saboda haka idan masana suka tabbatar akwai magani mai amfani, uba ba shi da ikon hana shi, ya ce wai tawakkali yake yi.

Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani a kan majinyaci sunna ce tabbatacciya, kullum muna yi wa yaron nan safe da yamma. Abin da zan ja kunne a kai shi ne abin da ke shiga ciki ko ya huda fata. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi suna ƙara wa hanta da ƙoda nauyi, alhali suna fama da tace maganin asibiti. Rubutun sha da aka wanke da ruwan da ba a tafasa ba yana iya kawo gudawa ga yaron da garkuwar jikinsa ta faɗi, ni da kaina na daina ba shi, na tsaya ga tofi. Tsaga da ƙaho da sakiya da cire beli kuwa, kada a kusance su, domin ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙaranci, ƙaramar tsaga tana iya zama ajali.

Uwa a ɗakin jinya

Wadda nauyin ya fi faɗa wa ita ce uwa. Matar ƙanena ta yi mako biyar a kwanciyar farko, tana kwana a kan tabarma a gefen gado, ta bar 'ya'ya uku a gida. Wata rana na je dubiya na tarar tana kuka, ta ce, "Malam, ina tsoron sallolina ba su karɓuwa. Zanena ba ya rabuwa da amai da fitsari, nafilolin da na saba duk na bari, ko Alƙur'ani ban buɗe ba."

Na ba ta labarin Sayyidina Usmanu ɗan Affan. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Manzon Allah ya bar shi a Madina domin ya yi jinyar matarsa Ruƙayya, sa'an nan ya ba shi rabonsa na ganima, ya kuma yi masa albishir da ladan wanda ya halarta. Idan jinya ta tsaya wa Usmanu a matsayin Badar, to uwar da ta kwana tana riƙe da tasar amai ba ta yi hasarar nafila ba.

Game da tsarki kuwa, malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa. Gusar da najasa wajibi ne idan an tuna kuma ana da iko. Sun yi rangwame ga mai shayarwa a kan abin da ya taɓa tufarta bayan ta yi ƙoƙarin kiyayewa, sun kuma so ta keɓe wata tufa domin salla. Mai jinya ta yi koyi da wannan: ta ajiye zane da hijabi ɗaya a jaka, in lokaci ya yi ta canza ta yi sallarta. Har ila yau sun lissafa jinyar majinyaci a cikin uzurorin da ke halatta wa namiji barin jam'i da Jumma'a, idan babu mai tsaya masa. Shi yaron da bai balaga ba azumi bai hau kansa ba, kada a bar shi ya ɗauka don kwaikwayon yayyensa, domin yana bukatar ruwa mai yawa.

Akwai kuma abin da ma'aikatan jinya suka koya mana: kwana biyu ko fiye bayan an sa magani, yana fita a cikin fitsari da amai da bayan gida. Mai wankewa ta sa safar hannu, ta wanke kayan daban. Mace mai ciki kuma a nema mata mai karɓarta a wannan aiki.

Uba, da kishiya, da zato

Uba shi ne ke tsakanin ofis ko kasuwa, da asibiti, da gida. Shawarata ga ma'aikaci ita ce ya je wa shugabansa da takardar likita, ya nemi hutu ta hanyar da doka ta tanada. Kada ya riƙa sa wani ya sa masa hannu a rajista alhali yana asibiti, kada kuma ciwon ɗansa ya zama ƙofar da zai fara karɓar abin da a da yake ƙi. Mai neman Allah ya amsa addu'arsa, shi ya fi kowa bukatar tsarkake abin da ke shiga aljihunsa. Ɗan kasuwa kuma ya wakilta amintacce a rumfarsa, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, domin rumfar da aka rufe wata uku da wuya ta sake buɗewa, ita ce kuwa ke sayen magani.

Mai mata fiye da ɗaya rabon kwana zai rikice masa. Kada ya yi shiru ya bar zukata su yi ta ƙullewa. Manzon Allah da kansa, a ciwonsa na ƙarshe, sai da ya nemi iznin matansa kafin ya zauna jinya a ɗakin Nana A'isha. Ƙanena ya zaunar da matansa biyu ya nemi yafiyar kowacce. Amaryar ta ɗauki girkin gida gaba ɗaya, ta haɗa 'ya'yan uwargida da nata, tana yi musu wanka da kitso, ranar hutu ta dafa abinci ta shiga mota ta kai asibiti. Ban taɓa ganin wa'azin zaman kishi da ya kai wannan ba, Allah ya saka mata da Aljanna.

Amma ba kowane gida ke dacewa da haka ba. A wannan ɗakin jinya na ga auren da ya mutu saboda an ce kishiya ce ta yi wa yaro sammu, na kuma ga uwar da dangin miji suka ce daga jininta cutar ta fito. Ku ji tsoron Allah, ya jama'a! Masana sun bayyana cewa mafi yawan sankarar yara ba a san dalilinta ba, wadda ke da alaƙa da gado kimanin 10 cikin 100 ce kawai. Ba abin da uwa ta ci ko ta bari ne ya kawo ta ba, kuma ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Tuhumar Musulmi da sihiri ba tare da hujja ba zunubi ne babba. Gidan da ya kamata ya haɗa ƙarfi a kan cuta, in ya rabu biyu saboda zato, yaron ne zai biya.

Yaron da 'yan'uwansa

Yaro ya fi ganewa fiye da yadda muke tsammani. Da gashinsa ya fara zama a kan matashi, ya dube ni ya ce, "Baffa, zai dawo?" Na ce zai dawo in Allah ya so, bayan an gama magani, kuma ya dawo ɗin. Ga ɗa namiji abin da sauƙi, tun da aski ƙwal ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ga 'ya mace kuwa, ranar da kitso ya biyo hannun uwa rana ce mai nauyi, sai a tanadi ɗankwali mai kyau, a kuma tsawata wa masu tsokana. Kada a ce wa yaro allura ba zafi alhali da zafi. Manzon Allah ya gargaɗi wata uwa cewa da ta kira ɗanta da alkawarin ba shi wani abu ta ƙi ba shi, da an rubuta mata ƙarya. Yaron da aka yi wa ƙarya sau ɗaya, duk ranar asibiti sai an yi kokawa da shi. Wani daga cikin magungunan kuma yana kumbura fuska, ya buɗe ciki, ya kawo fushi da rigima. A yi haƙuri da shi, aikin ƙwaya ne.

Sauran yaran gida su ma suna jinya, sai dai ba mai zuwa duba su. Yayarsa mai shekara 9 ta koma fitsarin kwance, ƙanensa kuma ya tambayi amarya ko dukan da ya taɓa yi masa ne ya sa shi ciwo. Shari'a ta umurci uba da adalci tsakanin 'ya'yansa, har Manzon Allah ya ƙi yin shaida a kan kyautar da Bashir ya keɓe wa ɗansa Nu'umanu. Malamai sun ce fifita wani saboda lalura irin ta ciwo ba zalunci ba ne, amma yaro bai san wannan fatawa ba, abin da ya gani shi ne an sayo wa wane ƙwai da lemo shi ba a sayo masa ba. A gaya musu gaskiya gwargwadon hankalinsu, kada a cire 'ya mace daga makaranta don ta zama uwar gida, uba kuma ya keɓe musu ko da rabin awa ne bayan sallar isha'i.

Ladabin dubiya

Dubiya haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, amma a wannan ciwo tana da sharaɗi. Daga kamar kwana 7 zuwa 14 bayan an sa magani, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suna yin ƙasa ƙwarai. A wannan lokaci murar da babba zai yi yawo da ita tana iya kwantar da yaron, ƙyanda da ƙarambau kuwa suna iya kashe shi. Saboda haka mai tari ko mura ya yi dubiyarsa ta waya. Wanda ya zo ya wanke hannu da sabulu, ya taƙaita zama, kada a cika ɗaki, kada a zo da ƙananan yara, kada a kawo abincin da ya kwana ko na bakin titi. Wanda aka dakatar a zaure kada ya yi fushi. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, ya kuma nuna wa masu jayayya cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Mai dubiya ya kiyaye harshensa. Kada ya zauna yana ba uwa labarin wane da wance da suka mutu da irin wannan ciwo, kada kuma ya zo da sunan wani mai magani a wani ƙauye. Ya yi addu'a, ya ajiye abin da ya sawwaƙa, ya tashi.

Kowane gida mai irin wannan jinya lalle ne ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan ya nuna digiri 38, ko yaro ya kama rawar sanyi, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi farasitamol a ce a jira gari ya waye, domin yana rufe zazzaɓin ne kawai, cutar kuwa tana ci gaba a cikin jini. Mun yi irin wannan tafiya sau biyu, maƙwabcinmu ne ya fito da motarsa ƙarfe biyun dare.

Kuɗi, da haƙƙin da ke kan masu hali

A watannin farko abin da ƙanena ke kashewa a zuwa ɗaya yakan wuce albashinsa na wata. An sayar da fili, uwargida ta sayar da 'yan kunnenta. A nan nake kira ga attajirai masu karanta wannan fili. Mutumin da kuke gani da farar riga yana zuwa ofis, idan bashin magani ya dabaibaye shi, ya shiga cikin masu bashi da aka ambata a cikin kashi takwas na masu cin zakka. Ba ka ba ɗanka ko matarka zakkarka, tun da ciyar da su yana kanka, amma ɗan'uwanka da ɗan ɗan'uwanka suna ci, har ka sami lada biyu, na zakka da na zumunci. Kada ku jira ya roƙa, mai mutunci yakan gwammace ya yanke magani da ya buɗe baki. Wanda ya ba shi rance kuma ya tuna da umurnin da ke ƙarshen Suratul Baƙara na jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Magabatanmu sun tsayar da wannan aiki da waƙafi. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi ake gudanar da shi, majinyaci ba ya biyan komai. Yau muna da hukumomin zakka da waƙafi a jihohi irin su Kano da Sakkwato, muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a kowace kasuwa. Me zai hana layi ɗaya na kasuwa ya ɗauki nauyin maganin yaro ɗaya har ya gama, ko ya kama gida kusa da asibitin koyarwa domin iyayen da ke kwana a baranda? Wanda ba shi da kuɗi kuma yana da jini. Yaran nan suna bukatar ƙarin jini a kai a kai, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jikin mai lafiya kuma yana mayar da shi. Samarin masallacinmu tara ne suka je aka gwada jininsu, muka rubuta sunayensu, duk ranar da aka bukata sai a kira mai bi.

Kada a tsaya a tsakiyar hanya

Na ajiye wannan a ƙarshe domin shi ne mafi girma. Bayan wata guda da fara magani zazzaɓi ya tafi, yaro ya tashi yana wasa, gwaji ya nuna ba a ganin cutar a ɓargo. Bayan wata huɗu ƙanena ya zo zaurena da dare ya ce, "Yaya Malam, yaron nan ya warke, kai ma ka gani. Bashi ya kai mini wuya, sauran yaran kuma suna da haƙƙi a kaina. Ko mu tsaya haka?" Wallahi na tausaya masa, har zuciyata ta karkata. Amma na tuna da jinkirin mako shidan nan, na ce mu koma wurin likita tare.

Likita ya ce abin da gwaji ba ya gani yana nan a ɓoye, kuma irin wannan sankarar jini maganinta shekara biyu zuwa uku ne. Sai na fahimci abin da misalin gona. Manomin da ya yi noman firi ya ga gona ta yi fes, ya rataye fartanya ya ƙi komawa maimai, ciyawar da za ta taso sai ta fi ta farko. Haka cutar nan take, in ta dawo bayan an yanke magani takan zo da taurin kai, maganin da ya ci ta a da ya kasa. Na ga wannan da idona. Yaron da ke gadon kusa da namu, mai kumburin muƙamuƙi, zuwa biyu kawai kumburin ya sace, iyayensa suka yi murna suka tafi ba su dawo ba, alhali 'yan watanni kaɗan suka rage musu. Da suka dawo da shi, ba abin da ya saura sai rage masa zafi.

A daren nan muka tara dangi, aka raba nauyi: wannan kuɗin mota, wancan ƙwayar wata, wata ƙanwarmu kuma ta karɓi uwargida kwana biyu a kowane zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya ji zai gaza, ya gaya wa likita da dangi gaskiya kafin ranar komawa ta wuce.

Ba na yi wa kowa alkawarin waraka, wannan na Allah ne. Akwai waɗanda suka yi duk abin da ake yi, Allah ya karɓi abinsa. Irin waɗannan iyaye kada su zargi kansu, kada kuma a hana su hawaye, domin Manzon Allah ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, kuma duk 'ya'yansa sun riga shi rasuwa ban da Nana Faɗima. Idan likita ya ce magani ya ƙare, to rage wa yaro zafi bai ƙare ba, kuma halal ne a ba shi magani mai ƙarfi domin haka. Abin da za a tambaye mu a kansa gobe shi ne amanar, ko mun riƙe ta iyakar ikonmu.

Yaronmu yanzu yana shan ƙwayarsa kullum da dare, ana kai shi asibiti wata-wata, ya koma Islamiyya ranakun da jikinsa ya yarda. Da sauran tafiya a gabanmu ta kusan shekara. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, shi da sauran yaran da ke kwance. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya buɗa wa masu taimako, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah shi ne mafi sani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan bayanin ciniki daga inda muka tsaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.